Kwana a Cikin Manuwa: Sharhi kan Fim ɗin Master and Commander



Fim ɗin da nake so mu duba ba sabo ba ne. A 2003 ya fito, Peter Weir ɗan ƙasar Ostireliya ne ya ba da umarni, Russell Crowe kuma ya fito a matsayin Kyaftin Jack Aubrey. Cikakken sunansa Master and Commander: The Far Side of the World, an ɗebo labarinsa daga jerin littattafai 20 da Patrick O'Brian ya wallafa tsakanin 1969 da 1999. A kasuwa fim ɗin yaƙi ake kiransa, amma duk wanda ya zauna don ya ga ana ta ɓarin wuta zai tashi da ƙorafi. A cikin sa'a biyu da 'yan mintoci, gwabzawa ta sosai sau biyu kawai aka yi, ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe. Abin da ke tsakani duk zaman yau da kullum ne: wankin daɓe, ɗinkin filafilai, rabon abinci, rashin lafiya, tsegumi, da jiran iska. A ganina nan ne ƙarfin fim ɗin yake, kuma nan ne ya bar giɓin da ya shafe mu.

Labarin gajere ne. A watan Afrilu na 1805 wata manuwar Ingila, wato jirgin yaƙi, mai suna Surprise, mai igwa 28 da mutum 197, tana gaɓar Birazil da umarnin ta tare wani jirgin Faransa mai suna Acheron wanda ya fi ta girma da gudu. Acheron ta riga ta kai hari, ta yi mata raga-raga. Aubrey ya ƙi komawa gida, ya gyara jirginsa a kan ruwa, ya bi ta har ya zagaya ƙarshen Amurka ta Kudu ya shiga tekun Fasifik. A littafin da aka fi ɗebo labarin daga ciki, na 1984, abokin gabar jirgin Amurka ne a yaƙin 1812. Masu kuɗin fim suka mai da shi na Faransa, kuma ba sai an yi wa kowa bayanin dalili ba.

Abu na farko da Weir ya kama daidai shi ne lokaci. A irin waɗannan jirage babu wanda yake da dare nasa cikakke. Ana raba ma'aikata gida biyu, kowane rukuni ya yi aikin sa'a huɗu ya huta huɗu. Akwai agogon yashi na rabin sa'a. Duk sanda yashin ya ƙare a juya shi a buga ƙararrawa, bugu ɗaya, sannan biyu, har takwas, sai a canza masu aiki. Da yamma akan tsaga zango ɗaya gida biyu, daga ƙarfe 4 zuwa 6 da kuma 6 zuwa 8, don kada rukuni guda ya dawwama a kan tsakar dare kullum. Fim ɗin bai tsaya yi mana wannan darasi ba. Kunnenka ne kawai zai saba da ƙararrawar, da kukan katako, da takun sawu a saman kai, har ka fara jin lokaci yadda su suke jinsa. Ba mamaki cikin kyaututtukan Oska biyu da ya samu, ɗaya ta tace sauti ce, ɗayar ta ɗaukar hoto.

Sai matsi. Ƙa'ida ita ce kowane mutum yana da faɗin inci 14 na rataya gadonsa na lilo, wanda da tamfol ake yin sa. Ku auna inci 14 a tabarma ku gani. Ko kafaɗar ƙato ba ta ɗauka ba. Abin da ya sa ake iya kwana shi ne rabin mutanen suna bakin aiki, sai kowa ya mori gurbin maƙwabcinsa. Hoton farko na fim ɗin ke nan: mutum ɗaya da fitila yana ratsa jerin gadaje a duƙe, igogi a ɗaure a gefe, dabbobin yanka a killace a wani lungu. Gadon nan shi ne kuma likkafani. Idan mutum ya mutu a ciki ake ɗinke shi, a sa masa ƙwallon igwa a ƙafafu, a zura shi cikin ruwa. An nuna wannan ma, ba tare da kiɗan tausayi mai yawa ba.

Kan abinci zan ɗan daɗe, domin a nan ne masu kallo suka fi yanke hukunci da sauri. Rabon kowane ma'aikaci a rubuce yake. Kullum yana da laba ɗaya ta busasshen biskit mai taurin tsakuwa da galan ɗaya na giya marar ƙarfi. A mako yana da laba huɗu ta naman shanu da laba biyu ta naman alade, duk an jiƙa su cikin gishiri a gangunan katako, sai busasshen wake, da garin kunu, da man shanu, da cuku. Litinin, Laraba da Juma'a ba a ba da nama. Biskit ɗin yakan yi ƙwari, har akwai wurin da Aubrey ya shirya wa abokinsa likita Stephen Maturin tarkon barkwanci da ƙwari biyu a kan faranti. Mu da muka saba da tuwon zafi da miyar ayoyo za mu ce wannan ai horo ne. Amma masanin tarihi N. A. M. Rodger, a littafinsa The Wooden World na 1986, ya nuna cewa talakan Ingila na wancan zamani ba ya samun nama sau huɗu a mako a gidansa, kuma cin abinci mai zafi kullum yana cikin abubuwan da suke jawo mutane shiga aikin. Ruwan sha shi ne babbar matsala, domin a gangar katako yake ruɓewa ya yi wari. Shi ya sa giya ta zama abin sha na yau da kullum, idan ta ƙare kuma a koma barasar rake. Tun 1740 wani babban hafsa mai suna Edward Vernon ya ba da umarnin a riƙa surka ta da ruwa a raba sau biyu a yini, don rage maye.

Cuta ta fi igwa kisa nesa ba kusa ba. A yaƙe-yaƙen da Ingila ta yi da Faransa daga 1793 zuwa 1815, waɗanda abokan gaba suka kashe cikin sojan ruwanta ba su kai ɗaya cikin goma na mamatan ba. Sauran cuta ce, da haɗari, da nitsewar jirage. Ciwon da aka fi tsoro a doguwar tafiya shi ne wanda rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace yake kawowa, dasashi ya ruɓe, haƙora su zube, tsohon rauni ya sake buɗewa. James Lind ya gwada lemo a kan marasa lafiya 12 a jirgin Salisbury tun 1747, ya ga amfaninsa, amma sai 1795 hukuma ta fara raba ruwan lemun tsami ga kowa. Fim ɗin ya fi son wuƙar likita a kan irin wannan mutuwa ta sannu a hankali: an yanke hannun yaro Blakeney, an buɗe ƙoƙon kan wani tsoho an toshe da tsabar kuɗi ana kallo, Maturin ya ciro harsashi daga cikinsa da kansa yana duba madubi. Sun yi kyau a kyamara. Gudawa da zazzaɓi ba sa yi.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne labarin Hollom, ɗalibin hafsa da ya kusa shekara 30 bai ci jarrabawar ƙarin girma ba, yara ƙanana suna wuce shi. A lokacin aikinsa aka fara hango Acheron, ya yi ta jinkirin ba da umarni. A guguwa ya kasa hawa ya taimaki wani matashi da ake ƙauna, matashin ya tafi da karyayyen jigon jirgi. Da iska ta ɗauke, jirgi ya tsaya cik, ruwan sha ya fara ƙarewa, sai raɗe-raɗi ya tashi a ƙasan bene cewa shi ne mai farar ƙafa. Da sunan Annabi Yunusa, alaihissalam, suke kiran irin wannan mutum, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san ƙissar ƙuri'ar da aka jefa a jirgi. Wani ma'aikaci ya bangaje shi bai sara masa ba, aka ɗaure ma'aikacin aka yi masa bulala a gaban kowa, ƙiyayyar ta ƙaru. Da dare Hollom ya rungumi ƙwallon igwa ya faɗa ruwa. Babu wanda ya taɓa shi da hannu. Kallo da shiru ne suka kashe shi. Wanda ya taɓa zama a makarantar kwana, ko bariki, ko gidan haya mai ɗaki ashirin a zango, ya san yadda jama'ar da ba ta da wurin gudu take zaɓen mutum ɗaya ta ɗora masa laifin fari. Inda na saɓa da Weir shi ne, ana gama addu'ar mamacin sai ga iska ta taso. Wannan wasa da hankalin mai kallo ne. Ya ba camfin gaskiya ta bayan gida bayan ya gama nuna mana muninsa.

Tsarin jirgin ya tuna mini da ayarin fataken goro da suke tasowa daga Kano zuwa Salaga, tafiyar watanni, da madugu a sama, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki, kowa da matsayinsa, kowa da rabonsa, ga dokar da ba a tsallakewa domin ran kowa yana hannun kowa. Ina ma a ce muna da labari guda na Hausa da ya zauna a cikin ayari kamar yadda O'Brian ya zauna a cikin jirgi, ya gaya mana wa yake ɗaure jakuna, me ake ci a zango, nawa ake biyan fito a bakin Kwara. Littattafanmu na tarihi sun fi son fada da fagen fama.

To, yanzu ga inda fim ɗin ya yi sassauci. Surprise jirgi ne na mutanen da suke son kyaftin ɗinsu. Ba a nuna mana yadda da yawansu suka shigo ba. Dokar Ingila ta yarda a kama matuƙan jiragen kasuwa da ƙarfi, a tashar ruwa ko a kan teku, a tusa su cikin manuwa. Ƙwararren ma'aikaci sule 24 yake samu a wata, kuma kusan shekara 140 ba a ƙara ko kwabo ba, har sai da rundunar da ke Spithead ta yi bore a 1797. Cikin kokensu har da awo: labar ma'ajin jirgi oza 14 ce maimakon 16. Shekara takwas kacal tsakanin wannan bore da lokacin labarinmu, amma ba ka jin ƙamshinsa. Kyamara takan sauka ƙasan bene, gaskiya ne, sai dai gidanta ɗakin kyaftin ne, inda ake shan inabi, Aubrey yana goge, likita yana jan babban goge.

Babban giɓin kuwa shi ne wannan. Barasar da ake rabawa sau biyu a yini daga rake take, raken kuma bayi ne suke nomansa a Jamaika da sauran tsibiran da manuwar Ingila take gadi. A 1805 cinikin bayi halal ne a dokar Ingila, kuma jiragen yaƙinta suna rakiyar jiragen 'yan kasuwarta. Akwai wurin da Surprise ta tsaya a gaɓar Birazil, mutanen gari suka zo da kwale-kwale ana ciniki, Aubrey ya ƙyalla ido ya ga wata mace da laima, shi ke nan aka wuce. A wannan ƙasa, a birnin Salvador na jihar Bahiya, shekara biyu bayan haka, a 1807, hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa. Akwai baƙaƙen fata cikin ma'aikatan Surprise, kuma wannan daidai ne da tarihi. Ko a gindin hasumiyar tunawa da Nelson a Landan an sassaƙa baƙin matuƙi riƙe da bindiga. Amma a fim ɗin ado ne su. Ba a ba ko ɗayansu maganar da za ka tuna ba.

Alhali akwai wanda ya rayu a ƙasan benen nan ya kuma rubuta. Olaudah Equiano yana yaro bawa ne ga wani hafsan ruwa, Michael Henry Pascal, wanda ya sauya masa suna zuwa Gustavus Vassa. A littafinsa na 1789 ya ba da labarin yadda manya suke haɗa yaran jirgi dambe don nishaɗi su ba su 'yan sulalla, da yadda ya yi jigilar albarushi zuwa bakin igwa a jirgin Namur a yaƙin Lagos na 1759 (Lagos ta Fotugal, ba Ikko ba), ana faɗuwa a gefensa. A jirgi ya ƙware a karatu da lissafi, a jirgi ya koyi aski. Ya ɗauka wanda ya yi wa sarki yaƙi ya zama ɗa. Da yaƙi ya ƙare, a Disamba 1762, Pascal ya sayar da shi ga wani kyaftin mai tafiya tsibirin Montserrat, bai ba shi ko sisi daga albashinsa da rabonsa na ganima ba. Sai a 1766 ya fanshi kansa da fam 40. Masana suna gardama kan inda aka haife shi, amma zamansa a manuwa rajistar jiragen ta tabbatar da shi. Shafukansa sun nuna abin da Weir bai nuna ba: jirgi guda yana iya zama wa mutum makaranta da gida da kurkuku a lokaci ɗaya.

Mai karatu zai iya cewa, mu da muke Tamale, tafiyar yini guda a mota kafin mu ga teku, ina ruwanmu da manuwa? Ruwanmu yana Salaga, kilomita ɗari da 'yan kai daga nan, inda har yau ake nuna wa baƙi rijiyoyin da ake kira Wankan Bayi, da Hausa, ba da wani harshe ba. Goro yana tafiya arewa, mutane suna tafiya kudu, wasu su tsaya a Asante, wasu su kai bakin ruwa. Da Ingila ta haramta cinikin a 1807, sai ta juya jiragen da suke gadinsa jiya suka koma farautarsa. Daga 1808 zuwa wajen 1860 rundunarta ta Afirka ta Yamma ta kama jirage kusan 1,600, ta sauke mutane kimanin 150,000, mafi yawa a Saliyo. Aikin ba na sadaka zalla ba ne: dokar farko ta sa ladan fam 40 kan kowane namiji da aka ƙwato, 30 kan mace, 10 kan yaro. Kuma aiki ne mai cin rai, domin a 1829 kaɗai zazzaɓin shawara da 'yan uwansa sun kashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rundunar. Aikin kwale-kwale a bakin gaɓa mutanen ƙabilar Kuru na Laberiya da Saliyo aka bar wa, ana laƙaba musu sunayen ba'a a rajista.

Waɗanda aka ƙwato sun ga zaman manuwa da idon da babu marubucin Ingila da zai iya arowa. Samuel Ajayi Crowther, wanda jirgin Myrmidon ya ɗauka a 1822 yana yaro, ya ce da ya ga naman alade a rataye da ƙwallayen igwa a jere a kan daɓe, sai ya ɗauka naman 'yan uwansa ne da kawunansu. Ali Eisami, ɗan malami daga Gazir ta Barno, an bi da shi ta Kano da Katsina da Yawuri har ƙasar Yarabawa kafin a sayar da shi a bakin teku. Manuwa ta tare jirginsu, aka sauke shi a Saliyo a 1818. A labarin da ya ba Sigismund Koelle da Barbarci, wanda aka buga a 1854, bai tsaya kan igwa ko tuta ba. Abin da ya riƙe shi ne cire mari, da tufafi, da ruwan da aka bar su suka sha har suka ƙoshi. Ruwan gangar nan ne mai wari da matuƙa suke raina wa.

O'Brian da kansa ya kawo Aubrey gaɓarmu a littafi na 17, The Commodore, na 1994. Ya yi adalci a wuri ɗaya: bai mai da gwarzonsa waliyyi ba. Aubrey ya taso ba ya ganin aibin bauta sosai, sai da ya shiga cikin jirgin bayi ya ga abin da ke ciki jikinsa ya yi sanyi. Amma farautar jiragen bayi a littafin lulluɓi ce ga ainihin aikin, wato tare rundunar Faransa a hanyar Ailan. Waɗanda aka ƙwato lissafi ne da kuɗin ganima. A karatuna, ɗan dabbar dajin da Maturin ya riƙa reno yana jinyar shawara ya samu kulawar marubucin fiye da kowane mutum guda da aka ciro daga ƙasan jirgi. Marubucin da ya san sunan kowace igiya bai tambayi sunan kowa a cikinsu ba.

Da ya tambaya, da ya ji Hausa. Cikin waɗanda aka sauke a Freetown akwai Hausawa, wasu an tura su aikin soja, wasu an ba da su koyon sana'a na shekaru ba da shawararsu ba, wasu sun zauna a ƙauyukan bayan gari. A wurinsu ne wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, ya fara koyon harshen, ya tafi da shi tafiyar Kwara ta 1841, ya dawo ya buga littafin kalmomi da nahawun Hausa a Landan a 1843, ɗaya daga cikin na farko da aka rubuta harshenmu da baƙaƙen boko. Koelle ma ya zauna da Hausawan Saliyo ya ɗauki kalmominsu ya sa a Polyglotta Africana a 1854. Waɗannan malaman na Schön da Koelle duk sun ratsa teku zuwa Saliyo ƙarƙashin tsaron matuƙan manuwa, suna jin ana magana da harshen da ba su sani ba, ba su kuma san ko gaɓar da za a sauke su ta 'yanci ce ko wata kasuwar ba.